Guringuntsin Haƙarƙarina

Wata tara na yi ban bar kowa ya ga fuskata ba sai Omma, mahaifiyata. Ita ma sai lokacin cin abinci, in janye takunkumi zuwa ƙasan haɓa, ina ajiye cokali in mayar da shi.

Abin ya faro ne daga ranar da Dongha ya kai ni gaida mahaifiyarsa. Shekararmu uku muna tare. Shi injiniya ne a jirgin ruwan dakon kaya, wata shida a teku, wata biyu a gida. Mahaifiyar tasa kuma tana da shagon ɗinkin kayan biki a kasuwar Busanjin. Ta ba ni shayi, ta tambayi iyayena, na ce mahaifina ya rasu, Omma tana sayar da kifi a kasuwar Jagalchi. Bayan kwana huɗu ta ɗauki hotona ta kai wa mai duban fuska, bokan da ke karanta makomar mutum a fuskarsa.

Mutumin ya ce mata hancin mace shi ne mazaunin mijinta. Ya ce karan hancina a kwance yake, wanda ya aure ni ba zai ga daidai ba.

"Ɗana a kan ruwa yake kwana," ta ce da ni a waya. "Ba zan yi caca da ransa ba. Ki yi haƙuri ki nemi wani."

Dongha ya yi faɗa da ita har ya bar cin abincin gidan, ya rantse mini ba zai auri kowa ba sai ni, sannan lokacin tafiyarsa ya yi, jirginsu ya tashi.

Sati biyu da tafiyarsa na shiga wani asibitin gyaran fuska da na ga tallarsa a tashar jirgin ƙasa. Ban yi shawara da kowa ba. Na ce a ɗaga mini hancin sosai. Cikin awa ɗaya aka cusa mini silikon, na fito.

Wata biyu ina tsayawa gaban madubi ina jin daɗi. A na uku hancin ya yi ja, ya kumbura, ya soma fitar da mugunya. Aka cire silikon ɗin. Sai naman ciki ya fara ƙanƙancewa, kan hancin yana ɗagewa sama kullum kaɗan-kaɗan, har ya zama mai tsayuwa gabana yana kallon cikin ƙofofin hancina.

Na bar aikina na makarantar renon yara. Na rubuta wa Dongha layi ɗaya, da sunan girmamawar da nake kiransa da shi: "Oppa, na fasa, kada ka neme ni." Na canja lamba. Da ya dawo bai koma teku ba, ya hau tudunmu na Yeongdo sau biyar, sau biyar Omma tana korar shi daga bakin ƙofa, sau ɗaya har da tsintsiya.

*

"Yau za ki cire tsumman nan," in ji Omma wata safiyar Talata, ranar da kasuwa ke hutu. "Shugaba Gil yana tafe."

Gil Sangchol yana da ƙaramar masana'antar wainar kifi, a wurin Omma yake sayen kaya tun ina sakandare. Ya ba arba'in baya, bai taɓa aure ba. Tun da Omma ta ji ya tambayi lafiyata sau biyu ta ɗauki maganar ta ɗora a ka.

"Omma, na roƙe ki."

"Roƙon me? Mutum mai hankali, ƙafarsa a ƙasa, ba a kan ruwa ba. Uwarsa kuma ba ta kai hoton 'ya'yan mutane wurin boka. Ko har yanzu ɗan mai allura da zaren nan ne a ranki?"

"Shi bai yi mini komai ba."

"Bai yi ba? To wa ya yi? Ni na haife ki da hanci lafiyayye, irin na ubanki, shekara ashirin da takwas yana shaƙar iska bai taɓa yi miki ƙorafi ba. Sun sa kin kai shi an yanka kamar kifin miya!"

Ta juya ta kama goge teburin da ta riga ta goge.

Shugaba Gil ya shigo da kwalin lemo, ya durƙusa ya zauna a takure, manyan hannayensa a kan gwiwa. Omma ta zuba masa shayin sha'ir, ta harare ni.

Na ce a raina gara ya gani ya gudu, kowa ya huta. Na fizge takunkumin.

Ya dube ni. Bai kau da kai ba, bai kuma yi wannan murmushin tausayi da na fi tsoro ba.

"Yana ciwo?" ya ce.

"Ya daina."

"Kina shaƙar iska da kyau?"

"Ɓari ɗaya a toshe yake."

Ya gyaɗa kai. Sai ya nuna nasa hancin. "Kin ga wannan? Ina ɗan shekara ashirin da biyar igiyar jirgin kamun kifi ta tsinke ta same ni a nan. Lebur ya koma kamar wainar da nake sayarwa. Wata likita ce a unguwar Seomyeon ta tayar da shi. Namgung sunanta. Ba ta da fara'a ko ta sisi, amma ba ta ƙarya. Motata tana ƙasa, in ba za ki damu da ƙarnin kifi ba."

"Mu da muka tashi cikin ƙarnin kifi?" in ji Omma, har ta ɗauko jakarta.

Kafin mu fita ta shiga ɗaki sauya riga. Ya rage murya.

"Boram, tambaya ɗaya, ba zan maimaita ba. In an gyara, ko ba a gyara ba, akwai wurina a zuciyarki?"

Hawaye suka zubo mini. "Shugaba, kai mutumin kirki ne..."

"To, an gama," ya ce da 'yar dariya. "Duk maganar da ta fara da haka na san ƙarshenta. Share idonki, kada Omma ta ce ni na sa ki kuka, ta ƙara mini kuɗin kifi."

*

Likita Namgung 'yar ƙaramar mace ce mai furfura da gilashi. Ta daɗe tana latsa hancina, ta ja fatar ta saki, ta leƙa ciki da fitila, ta duba hoton ƙashin da aka ɗauka. Sannan ta jawo wani faranti ta ajiye tsakaninmu.

"Ciwon ya mutu, fatar ta fara laushi. Yanzu ana iya aiki. Saura ki zaɓi abin da za a gina shi da shi."

Ta ɗaga wani farin abu mai santsi. Nan take na gane shi.

"Silikon. Kada ki tsane shi. Mutane da yawa suna yawo da shi shekara da shekaru lafiya, ni ma ina sa shi a hancin da ba a taɓa taɓawa ba, in fatar tana da kauri kuma mai shi ba ta haɗama. Naki an sa wanda ya fi ƙarfin fatarki, cuta kuma ta shiga. Ba zan mayar miki da shi ba."

Ta ɗauki na biyu. "Wannan roba ce mai laushi, tana da ƙananan ƙofofi, nama yana shiga ya kama ta, ba ta motsi. Amma abin da ya sa ta zama daram shi ne ke sa cire ta wahala in ta yi ciwo. Kuma ita ma baƙuwa ce a jiki. Hancinki ya riga ya kori baƙo ɗaya."

"To a ɗebo na kunne mana," in ji Omma. "'Yar maƙwabciyata na kunne aka sa mata."

"Guringuntsin kunne ɗan kaɗan ne, a lanƙwashe, ga laushi. Ya isa a gyara kan hanci. Wannan hancin ya ja da baya, turo shi za a yi a tokare. Ana buƙatar ginshiƙi. Na cikin hancin nata kuma dama ƙarami ne, wancan aikin ya cinye shi." Ta ajiye farantin gefe. "Saura biyu. Guringuntsin haƙarƙari na wanda ya rasu ya bar wasiyyar a amfana da jikinsa, an tsabtace shi an adana. Ba yanka a ƙirji, aikin ya fi sauri. Amma wani lokaci jiki yana tsotse shi a hankali, bayan shekaru ginin ya sauka. Ko kuma nata na kanta."

"Nata?" Omma ta dafe ƙirji. "A tsaga ƙirjin budurwa?"

"A ƙarƙashin nono na dama, tsawon gaɓar yatsa ɗaya da rabi. Tabon zai zauna. Sati biyu za ta ji tari ma azaba ne. Yana kuma iya ɗan karkacewa daga baya, ko da na sassaƙa shi da kyau. Ba na ɓoye wa kowa wannan. Amma jiki ba ya faɗa da abinsa."

"A sa na mamacin," in ji Omma. "An yanka ta sau biyu, ya isa."

Ban kai ga buɗe baki ba aka ƙwanƙwasa, ƙofar ta buɗe tun kafin a amsa.

Dongha ne. Ya rame, gashinsa a hargitse, takalmansa ma ba iri ɗaya ba ne. A bayansa ma'aikaciyar asibitin tana cewa ba a shiga, can baya kuma Shugaba Gil yana kallon silin kamar bai san komai ba.

Na rarumi takunkumi. Igiyar ta ƙi shiga kunne. Na rufe fuskata da tafukana.

"Fita! Oppa, ka fita, kada ka kalle ni!"

"Wa ya kira wannan?" Omma ta miƙe. Ta juya ga Shugaba Gil. "Kai? Kai da na ɗauka surukina?"

"Shekaranjiya ya zo masana'anta ya tsaya a ruwan sama awa biyu," in ji shi. "Na ce masa sai na ji daga bakinta tukuna. Na kuwa ji."

Dongha ya durƙusa a gabana. Ina jin numfashinsa.

"Boram. Wata tara ina tunanin wani kika samu. Na ce in dai ya fi ni, zan haƙura. Ashe ciwo kike yi ke kaɗai, saboda maganar gidanmu."

"Na lalata fuskata. Ni na kai kaina, ba wanda ya ja ni."

"Bari in gani."

"A'a."

"To zan zauna a nan har a rufe asibitin."

"Akwai masu jira a waje," in ji Likita Namgung, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

A hankali ya zare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Na rufe ido. Sannan na buɗe. Kuka yake yi, bakinsa a rufe, hawaye suna sauka cikin wuyan rigarsa.

"Ya yi ciwo sosai, ko?" ya ce. "Kuma ban nan."

Nan nawa kukan ya ɓalle. Na kifa kai a kafaɗarsa, na manta da Omma, na manta da likita.

Da muka lafa ya share fuska da hannun riga, ya dubi likitar. "Na ji ƙarshen maganarku daga waje. A cire nawa. Haƙarƙarina ƙato ne, ki ɗebi biyu ma."

A karon farko na ga gefen bakin Likita Namgung ya motsa.

"Kai ne na huɗu da ya faɗi haka a ɗakin nan. Ba a yi. Naka baƙo ne a jikinta, sai ya fi silikon tayar da rigima. Ka adana haƙarƙarinka, za ka buƙace shi wajen ɗaukar ta a kan matakalar tudunsu." Ta juyo gare ni. "Kowa ya yi magana sai mai hancin. Me kika zaɓa? Kuma kafin ki amsa, gaya mini don wa za a yi. In don wata tsohuwa ta ce kin yi ne, ba ni a ciki."

Na dubi farantin.

"Ina so in shaƙi iska ta ɓari biyu," na ce. "Ina so in koma wurin yarana ba su tsorata ba. Ba na son dogo. A mayar da shi kusa da yadda yake a da. Kuma da nawa za a yi."

"Boram!" in ji Omma.

"Omma, na gaji da kwana ina tsoron abin da ke cikin fuskata. Wannan ke kika ba ni shi. Na yarda da shi."

Omma ta zauna, ta ciro hankici ta fyace hanci da ƙarfi.

"Taurin kai irin na ubanta," ta ce. Sannan ta nuna Dongha da yatsa. "Kai kuma kada ka ga na yi shiru. Muddin ina numfashi 'yata ba za ta zuba wa uwarka shayi ba."

*

Awa biyar aka yi ana aikin. Abin da na fara ji da na farka ba hancin ba ne, ƙirjin ne, kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Likita Namgung ta leƙo ta ce guringuntsin ya yi kyau, miƙaƙƙe, bai ba ta wahala ba. Na so in yi mata godiya, bakina ya ƙi motsi, sai na kama bakin rigarta na riƙe. Ta bar ni na riƙe.

Dongha ya goya ni a kan matakala ɗari da ashirin har ƙofar gidanmu. Omma ta karɓe ni a bakin ƙofa, ta rufe shi a waje. Kullum da safe sai ya zo ya zauna a kan matakalar ƙarshe. A rana ta uku na ga ta miƙa masa kwanon shinkafa ta taga. Shugaba Gil kuwa ya aiko da wainar kifi kwali guda da 'yar takarda: "Mai laushi ce, ba sai an tauna da ƙarfi ba." Na karanta na yi dariya, ƙirjina ya hukunta ni.

A rana ta shida da hantsi, ina jingine da matasai uku, fuskata a kumbure, filasta a hanci, na ji muryar Omma ta tashi a waje.

"Me ya kawo ki? Kin zo duba ko hancin ya kai yadda bokanki yake so?"

"Na zo ganin yarinyar."

Na gane muryar. Mahaifiyar Dongha ce.

"Ba ta karɓar baƙi."

"Omma," na kira da ƙyar. "Bar ta ta shigo."

Ta shigo tana haki saboda hawan tudu, da tulun roba babba a rungume. Ta ajiye shi. Ruwan kabewa ne, wanda ake ba mai kumburi. Ta zauna a gefen shimfiɗata, ta dubi filastar, ta dubi yadda nake dafe da haƙarƙari. Dongha yana tsaye a bakin ƙofa, bai isa ya shigo ba.

"Omonim, sannu da hanya," na ce, da sunan da ake girmama uwar miji da shi.

Ta kama hannuna na hagu, ta ɗauki ɗan yatsana ta ɗora a kan karan hancinta.

"Tura gefe," ta ce.

Na tura a hankali. Wani abu mai tauri ya gusa ƙarƙashin fatar, ya dawo.

Na zare ido.

"Shekara talatin da biyar ke nan yana ciki," ta ce. "Uwar mijina ta ce da hanci irin nawa ba zan shiga gidansu ba. Na sayar da keken ɗinkina na farko na je aka sa mini silikon. Mijina ya mutu bai sani ba. Duk sanyin hunturu sai ya yi mini kamar ƙanƙara a fuska. Duk mura sai in kwana ina tsoron ya ruɓe."

"Omma?" Dongha ya kira tasa mahaifiyar daga ƙofa, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ba ta waiwaye shi ba.

"To ke da kika san zafinsa," in ji mahaifiyata, "ke ce kika tura 'yar wani?"

"Ni ce." Hawaye suka gangaro mata. "An sa mini, aka ce yanzu mijina zai daɗe. Yana da shekara arba'in da shida ya faɗi ya mutu a wurin aiki. Na ga ƙaryar abin da idona. Amma da aka ce mini ɗana, kuma a teku, sai tsoro ya rufe ni, na koma na zama matar da na fi tsana a duniya." Ta matse hannuna. "Dongha ya ce likita ta jera miki abubuwa, kika ce naki za a sa, kuma kada a ɗaga. Ni ban taɓa samun wannan zuciyar ba. Ban zo neman aure ba, ba ni da bakin. Na zo in ce na cuce ki."

Ta ja da baya, ta gyara siket ɗinta, ta sa tafukanta a ƙasa, ta sunkuya har goshinta ya taɓa daɓen ɗakinmu. A gabana, a gaban mai sayar da kifi.

"Omonim, ki tashi," na ce ina kuka, kowace shessheƙa tana soka mini haƙarƙari. "Na yafe. Ki tashi, na roƙe ki. Na gode da kika hau tudun nan."

Ba ta tashi ba. Ni da Dongha muka zuba wa Omma ido.

Omma ta tsaya hannu a ƙugu, ta daɗe tana kallon bayan matar. Sannan ta wuce ta gefenta, ta buɗe tulun, ta tsiyaya a kofi, ta kurɓa. Ta yatsina fuska.

"Wannan ruwa ne zalla. Wa ya koya miki dafa kabewa?"

Mahaifiyar Dongha ta ɗago, fuskarta jiƙe. "Ban taɓa yi ba sai jiya."

"Ya nuna." Omma ta mayar da murfin. "Tashi daga ƙasa, daɓen da sanyi. Gobe ki zo da kabewar ɗanya, tsohuwa, mai kaurin ɓawo. Ki zo da wuri, ba na jiran mutum." Ta juya wajen ƙofa. "Kai kuma, dogo, ka tsaya nan kana tare mana haske. Cire takalmi ka shigo ka ɗaga mata matashin nan, ba ka ga ya zame ba?"